Kujerar da Ba a San Mai Ita Ba

Akwai abin da ke ba ni haushi da baƙin da ke zuwa kasuwarmu ta Nola. Mutum ya tsaya gaban rumfa, ya miƙa yatsa ya ce, "A ba ni kwandon can." Wane kwando? Haba! Ai kamar ka shiga gidan mutum ne ka kira 'ya'yansa duka da "kai wane". Kowanne da sunansa, da aikinsa. Babban da ake girbi da shi, korbis ne. Wanda ake ɗura wa zaitun a danne shi a matse mai, fiskina. Ƙanwarsa 'yar ƙarama da cuku ke tsane ruwa a cikinta, fiskella. Duk garin nan kuwa ba wanda ya riƙe sunayen nan da daraja kamar Nayis, domin ita da su ta fara magana.

Ba 'yar ƙasar nan ba ce. Jirgin ruwa ya sauke ta a Futeyoli tana da shekara ashirin ko kusa da haka, daga wani tsibiri can gabas da ita kanta ta daina faɗin sunansa. Tirebiyus masaƙin kwanduna ya kai kaya Futeyoli, ya dawo da ita a bayan keken shanu, baiwa sayayya. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, yana neman mai jiƙa masa tsumagu ta ɓare musu ɓawo. Ita ko "zo" ba ta ji a Latin, harshen ƙasar nan. Shi kuma magana a bakinsa sai an sa ƙugiya an ciro ta. To, ya za a yi ke nan?

Abin da ya yi shi ne, ya ɗauko kwando ya ɗora mata a cinya, ya ce, "Korbis." Ta maimaita. Ya ɗauke, ya kawo adudu mai murfi, "Kista." Ya kawo tarkon kifi mai faɗin baki da matsattsen wuya, "Nassa." Ya kawo faffaɗan nan na zuba gurasa, "Kanistirum." In ta faɗa daidai ya gyaɗa kai, in ta karkace ya sake faɗa, ba tsawa ba harara. Wata guda cur Latin ɗinta ke nan. Ranar da aka fara aikenta kasuwa, Obiya mai cuku, matar Numeriyus mai matsar zaitun, ta tare ta ta ce, "Ke baƙuwa, yaya sunanki?" Nayis ta ga ana yi mata magana, ta duba abin da ke gaban matar, ta ce, "Fiskella." Obiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar sunan ya bi ta, kuma daga ranar suka ƙulla ƙawancen da ya kai su har furfura.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a gidan nan. Daga jiƙo ta koma ɓara, daga ɓara ta koma saƙa, har ya zama masu matsar mai na cewa a ba su fiskinar hannun Nayis, don tata ba ta fashewa komai nauyin danni. Yatsunta duk suka kanannaɗe, fatar tafinta ta yi kanta. Ba ta taɓa kuka da wannan ba. Ta ga yadda bayin manyan gonakin inabi ke noma da mari a ƙafa, ita kuwa ko ɗan yatsa Tirebiyus bai taɓa ɗaga mata ba. In ya samu kifi ɗaya, rabawa yake biyu. In zazzaɓi ya kama ta, shi ke ɗebo ruwa. Kullum da safe in ta zuba wa allolin murhu ɗan garin hatsinsu, godiya take yi, kuma har cikin ranta take yin ta.

Abu ɗaya dai bai canza ba. Shi a tebur yake ci, ita tana tsaye da tulu, in ya gama ta ja kujera 'yar tsugunno kusa da murhu ta ci nata. Haka duniya take, ba wanda ya ga aibu.

Sai kuma alkawarin. Tun tana da sauran baƙin gashi yake cewa, "Bari a gama matsar zaitun, mu je gaban alƙali in 'yanta ki." A gama matsar, ya ce sai an sare tsumagu. A sare, ya ce ai yanzu lokacin girbi ne, masu korbis na jira. Ni dai, duk kirkinsa, ban yafe masa wannan jan ƙafar ba. Obiya kan ce, "Tsoro yake ji, Fiskella. Gani yake in ya kwance ki, jirgi za ki bi." Nayis ta ce, "Jirgin ya kai ni ina? Wa na sani can?" Obiya ta ce, "To ki faɗa masa mana, tun da shi kansa na itace ne." Ba ta faɗa ba. Kunya take ji ta roƙi abin da aka riga aka ce za a ba ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata rana da hantsi, ana tsakiyar matsar zaitun, Tirebiyus ya sunkuya zai ɗauki damin tsumagu, sai ya kife. Da aka ɗago shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi ɗungurungum. Ido dai na nan, yana gane kowa, amma in ya buɗe baki sai iska.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwana huɗu da faɗuwar, ga Minatiyus, ɗan wansa, dillalin alfadarai daga garin Kafuwa, wanda rabonsa da gidan tun jana'izar matar baffan nasa. Ya tsugunna ya ce, "Baffa, sannu. Kai, sannu." Ya miƙe ya zagaya rumfa, ya leƙa ɗakin jiƙo, ya taɓa wuƙaƙe. Sannan ya zo kan Nayis.

"Ke, buɗe hannunki in gani."

Ta buɗe. Ya juya tafin, ya matsa yatsun, kamar yadda ya saba duba kofato.

"Da saura," in ji shi. "Akwai wata gona a hanyarmu da ke neman mai yi musu korbis. Ki ci gaba da kula da Baffa tukuna."

Ba zan ce mugu ne can can ba. Gado nasa ne, ba wani magaji sai shi, baiwa kuwa cikin kayan gado take. Amma ka ce "tukuna" a gaban mara lafiya yana jinka? Tir.

Da ya tafi, Nayis ta je wurin Numeriyus, don shi ya ɗan san shari'a. Tsohon ya daɗe yana shafa ƙeya, ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba. A gaban alƙali da baki ake 'yanta bawa. Wasiyya ma da baki ake tabbatar da ita. Wanda ba ya magana, ƙofofin nan biyu sun rufe masa." Mai magani kuma ya riga ya ce da wuya Tirebiyus ya ga wata matsar zaitun. Lissafin bai da wuya: in ya mutu bakinsa a rufe, ita da wuƙaƙen ɓara keke ɗaya za su hau.

Ta koma gida. Ta tarar da shi an jingine shi a bango, yana kallon kwandunan da ke rataye, hawaye na bin ɓarin fuskar da ya mutu. Tausayinsa ya danne tsoronta. Ta ciro ɗaya ta ɗora masa a cinya, ta kama hannunsa na hagu ta bi da shi kan saƙar.

"Maigida, korbis."

Ya ƙura wa kwandon ido.

"Korbis. Kai ka koya mini, yanzu kuma ka ce ba ka sani ba?"

Kwana goma sha tara tana wannan. Rana ta ashirin ya ce, "Ko…bis." Nayis ta yi guɗar da sai da Obiya ta rugo daga rumfarta ba takalmi, tana zaton mutuwa aka yi.

Kafin sanyi ya yi tsakiya, sunayen kwanduna sun dawo bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki, su kaɗai suka dawo. Ba "ruwa", ba "zo", ba "na'am", ba ko sunansa. Sai ya mai da su harshensa. In yunwa yake ji, "Kanistirum." In ya gaji da 'yan dubiya yana so a tafi a rufe ƙofa, "Kista." Ranar da Minatiyus ya sake zuwa, tsohon ya bi shi da ido tun daga ƙofa, ya ce a fili tar, "Nassa."

"Me Baffa yake cewa?"

Obiya na wurin, ta ce, "Cewa yake ka yi ƙiba, ɗan nan, bakinka ya ƙara faɗi." Ta fita waje ta ƙarasa dariyarta a bayan rumfa.

Ita ce kuma ta ja Nayis gefe. "Ke wace irin sakarya ce? Kin koya masa sunan tarkon kifi, ba ki koya masa abin da zai fisshe ki ba? Kalma ɗaya ce fa, libera, 'yantacciya. Ya faɗe ta gaban mutane, an wuce wurin."

Nayis ta gwada, sau ɗaya. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Maigida, ka ce libera." Ya gane abin da take nufi sarai. Ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, gumi ya karyo masa cikin sanyin nan. Leɓe na rawa, harshe na kokawa. Ya yi, ya yi, can abin da ya fito shi ne, "Fis…kella." Sai ya shiga dukan cinyarsa da hannun da ke motsi, yana kuka irin na manya, marar sauti. Ta riƙe hannun. Ta ce, "Ya isa. Na rantse da allanmu Kastor ba zan ƙara sa ka wannan wahala ba. Abin da ka yi mini a duniya ya ishe ni." Obiya ta zage ta tas a kan haka, ta kwana biyu ba ta gaishe ta ba. Nayis ba ta sake gwadawa ba.

Bayan kamar mako guda, tana ɓare tsumagu, ta ji ya ƙwanƙwasa sanda. Ya ce, "Katedra."

Ta ɗago da mamaki, don wannan ba ita ta sa masa a baki ba. Katedra ita ce kujerar nan ta saƙa mai doguwar majingina da matan manyan gidaje ke zama a kai. A duk zamanta a gidan, uku kaɗai suka taɓa yi.

"Katedra? Wani ya sa a yi masa ne kafin ka kwanta?"

"Katedra."

Ta ce a ranta, ashe alkawarin aiki ke cin tsohon nan. Mutum ne da bai taɓa saɓa wa mai kaya ba. Ta zaɓo tsumagu farare masu kauri ɗaya, ta jiƙa, ta kafa ƙafafu. Ita ke saƙa, shi yana danne da hannun hagu, in ta saki layi ya ɗan buge ta da sanda a gwiwa. Sau biyu yana sa ta warware majinginar gaba ɗaya. Ta ce, "Kai maigida, ko matar gwamna ce ai ta haƙura haka nan." Ya harare ta da ido ɗaya. Sati biyar suka yi a kanta, ta fito sumul, ko tsinke ɗaya ba ya karce hannu.

"To, gidan wa zan kai?"

"Katedra," in ji shi, yana nuna ƙasa da sanda.

Ita kuwa ta ɗauka hanyar gangare yake nufi, unguwar masu hali. Washegari ta ɗora kujera a ka, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. A gida na farko mai gadi ya ce uwargida ba ta aiki kowa ba. A na biyu aka sakar mata kare. A na uku uwargidan ta fito da kanta, ta shafa, ta zauna, ta ce tana so, a bar mata. Nayis ta ce, "Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe, da mai ita, ban dai gano ta ba tukuna." Ta dawo da yamma wuya ya sage, ta sauke ta a tsakar gida. Tirebiyus ya dube ta, ya dubi kujerar, ya rufe ido ya girgiza kai kamar mai ciwon haƙori. Ya ce, "Kista." Aka rufe ƙofa, ranar ko abinci bai ci ba.

Da itatuwa suka fara toho aka gama sarar tsumagu, al'adarsa ce duk shekara ya kira abokansa cin rana. Nayis ta ce bana ma ba za a fasa ba. Numeriyus ya zo da mai sabon matsa, wasu tsofaffi huɗu na layin suka zo da giyar inabi, Obiya ta kawo cuku ta shiga kicin taya aiki. Minatiyus ma ya ji labari ya zo. Aka fito da tebur tsakar gida, aka jera benci, don mu talakawa a zaune muke ci, kishingiɗa ta masu bene ce. Aka tallabo tsohon aka zaunar.

Nayis na tsaye da tulu a inda ta saba tsayawa. Ba a kai loma ta biyu ba, sanda ta bugi tebur.

"Katedra."

Aka dubi juna. Wani ya je ya ɗauko ta. Numeriyus ya ce, "Af, abokina, tsufan ya kai ka ga kujerar mata? Sai mu nemo maka ɗankunne." Aka kwashe da dariya. Suka zo za su ɗaga shi, ya ture su da gwiwar hannu. Ya nuna gefensa na hagu, aka ajiye ta nan, jikin tebur. Sannan ya miƙa hannu ya damƙi gefen rigar Nayis, ya ja.

"Maigida, sake ni, zan zubar da giya."

Ya ƙara ja. Ina wannan ƙarfi ya fito, oho. Ta tafi taga-taga, ta faɗa cikin kujerar, tulu a ƙirji. Ta zabura za ta tashi, kunya kamar ƙasa ta tsage, ya danne mata wuyan hannu a kan tebur. Ya saki, ya jawo gurasar gabansa, ya danne ta da haɓa ya yage gutsure, ya tsoma a mai, ya ajiye a gabanta. Sai ya ɗaga kai ya bi abokansa da kallo, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba.

Dariya ta ɗauke. Numeriyus ya ajiye ƙoƙonsa a hankali.

"Na rantse da Harkul," in ji shi. "Jama'a, kun ga abin da na gani? Ni da nake taƙamar sanin shari'a, na manta da ƙofa ta uku. Ubangida ya zaunar da baiwarsa a teburinsa, ya ba ta abinci da hannunsa, gaban abokansa. Wannan ai 'yantawa ce."

Minatiyus ya yi tsalle. "Wace 'yantawa? Mutumin da bai san sunansa ba? Wasa yake yi, kamar na bikin Saturnus da bayi ke zama da iyayengijinsu."

"Bikin Saturnus ya wuce da wata uku, ɗan nan," in ji ɗaya daga cikin tsofaffin. "Yau ranar banza ce, shi ya sa ta zama magana."

Numeriyus ya juya ga tsohon. "Tirebiyus, in 'yanta ta kake nufi, bugi tebur sau uku. In ba haka ba, bar sandarka a ƙasa."

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ta ukun har ƙoƙo ya kife.

"Wannan ba cikakken 'yanci ba ne," in ji Minatiyus, murya ta fara sanyi. "Ba irin na gaban alƙali ba ne."

"Ba irinsa ba ne," Numeriyus ya amsa. "Amma ya isa ya hana ka sa mata igiya. Mu biyar ne nan, duk inda ka kai ƙara za mu bi ka da sandunanmu."

Ita Nayis duk ba ta jin su. Hannunta na kan saƙar majinginar, tana shafa layin da aka sa ta warware sau biyu. Sai a lokacin ta lura kujerar daidai tsawon bayanta take. Ta dubi tsohon, ta buɗe baki, yau ita ce magana ta ƙi wa. Da ƙyar ta ce, "Na gode, maigida." Ta sake cewa, "Na gode." Ta yunƙura don ta cika ƙoƙon da ya kife, sai ga Obiya a kanta, ido jajir, ta fizge tulun.

"Zauna, sakarya. Kujerarki kika ɗauka a ka kina yawon neman mai ita, duk gari na kallo. Ci gurasarki. Miƙo ƙoƙon in zuba miki."

Tirebiyus bai kai girbi ba. Ya rasu da zafi ya fara, da rana tsaka, kansa a cinyarta. Ita ta rufe masa ido, ta kira sunansa sau uku kamar yadda ake yi, ta yi masa kukan da ko 'yar cikinsa sai haka.

Bayan kwana tara Minatiyus ya zo da keken shanu. Ya kwashe wuƙaƙe, da kwanduna, da damman tsumagu, da tebur, har tukunyar jiƙo. Kujerarta kaɗai ya bari. Nayis ta taya shi lodi, ta nuna masa yadda zai jera don kada na ƙasa su lotse, ta ɗaure masa igiyar da kanta saboda ɗaurinsa na alfadarai ne. Ya hau, ya dube ta.

"Ka sauka lafiya," in ji ta. "Ka gai da mutan gida."

Keken ya kama hanyar Kafuwa. Ta tsaya a bakin titi har ya sha kwana, sannan ta kakkaɓe hannuwanta, ta juya ta nufi rumfar Obiya, tana tafiya a hankali don ba mai jiran ta da aike.